Faɗakarwa a kan Ƙuri'ar Ƙaramin Gari da Rabon Ƙasarsa

 

Ku sani, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata al'ada ce ta mutanen wata ƙasa mai nisa. Na bi diddiginta har na gane kanta da gindinta, na ga akwai abin lura a cikinta ga duk wanda ya ke zaune cikin gari tare da maƙwabta. Sunan ƙasar Niyu Hamsha, jiha ce ƙarama a arewa maso gabashin Amurka, ƙasar duwatsu da kurmi da sanyi mai tsanani. Tana da birane 13 da garuruwa 221, da yawa daga cikin garuruwan nan kuwa mutanensu ba su kai 2,000 ba. Sau ɗaya a shekara, mafi yawansu ran Talata ta biyu ga watan Maris, a ƙarshen hunturu kafin a shiga aikin gona, mutanen ko wane gari su kan fito su yanke al'amura biyu da hannunsu. Na ɗaya, wa zai riƙe musu muƙaman gari. Na biyu, yaya za a yi da ƙasar garin, watau ina za a gina gida, ina za a kafa kanti ko masana'anta, kuma fili nawa ya wajaba mutum ya mallaka kafin a yarje masa ya aza tubali.

Ni dai abin da na fahimta, kuma shi na ke so in kafa muku hujja a kansa, shi ne wannan: wanda ya ƙi fita ran nan ya riga ya jefa ƙuri'arsa, sai dai bai san wa ya ba ba. Wanda kuma ya fita ya duba maslahar kansa kaɗai, yana iya zaluntar mutumin da bai taɓa gani ba, alhali doka tana bayansa.

Fasali a kan asalin al'adar da muƙaman da a ke zaɓe

Al'adar nan tsohuwa ce a wannan yanki. A shekarar 1633, ran 8 ga watan Oktoba, mutanen wani gari da a ke kira Docesta, cikin ƙasar Masacusets, suka rubuta ƙa'ida cewa ko wace Litinin da safe in an kaɗa ganga, mazauna gari su taru su daidaita abin da ya shafe su duka, suka kuma ware mutum 12 su riƙa zartar da abin da aka yanke. Daga irin wannan ne taron gari ya bazu cikin jihohin nan da a ke ce wa Sabuwar Ingila. A farkon al'amari maza kaɗai ke da baki a wurin. A hankali aka buɗe ƙofa, har ya zama ko wane ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, namiji ko mace, mai gida ko ɗan haya, in dai mazaunin garin ne kuma sunansa yana cikin littafin masu ƙuri'a, bakinsa ɗaya da na attajirin garin.

Garin irin wannan ba shi da sarki, ba shi da hakimi. Taron mutanen gari shi ne majalisar da ke kafa doka, shi ke yanka kuɗin da za a kashe cikin shekara. Waɗanda a ke zaɓe masu zartarwa ne kurum. Manyansu su ne wakilan gari, mutum 3 ko 5, ko wanne yana yin shekara 3. Inda su ke 3, ɗaya a ke sakewa ko wace shekara, domin kada a wayi gari duk sababbi ne babu wanda ya san inda aka kwana. Akwai shugaban taro, mai shekara 2, shi ke ba da izinin magana, shi ke faɗin abin da ƙuri'a ta nuna. Akwai magatakarda mai tsaron littattafan haihuwa da aure da mutuwa, akwai ma'aji, akwai masu tsaron littafin sunayen masu ƙuri'a waɗanda ke yin shekara 6, akwai amintattun maƙabarta da na ɗakin littattafai. A garuruwa da yawa har mai kula da hanyoyi, wanda zai share ƙanƙara da asuba don mutane su fita, zaɓensa a ke yi.

Mafi yawan muƙaman nan ladansu kaɗan ne, wasu babu ko anini. Sabo da haka sau da yawa mutum ɗaya ne ke tsayawa babu abokin takara, wani lokaci ma gurbin babu kowa, sai wanda 'yan mutane kaɗan suka rubuta sunansa da hannu ya ci. Mai raina ƙaramin muƙami ya dubi wannan da kyau. Shugaban ƙasa da ke Washinton bai san hanyar gidanka ba, amma wakilin gari shi zai ce a gyara ta bana ko a bar ta sai baɗi.

Fasali a kan abin da ya faru a Kuroidon

Kada wani ya ce wannan duk zance ne na fatar baki, ga misali da ya auku a shekarar 2022. Kuroidon gari ne ƙarami a yammacin jihar, mutanensa kimanin 800. Yana da 'yar makaranta ta yara ƙanana. In yaro ya girma sai a tura shi makarantun garuruwan maƙwabta, garin ya biya masa. Sha'anin makaranta a can yana da nasa taro da nasa kasafi dabam da na gari, amma mutanen su ne dai, ƙa'idar ita ce dai.

A watan Maris na shekarar nan aka kira taro, ranar ƙanƙara tana zuba, mutane suka yi zamansu a gida, don sun saba ko wace shekara kasafi ya kan wuce lafiya. Kuɗin da aka kawo gaban taro dala miliyan 1.7 ne. Sai wani daga cikin mahalarta ya miƙe ya ce kuɗin ya yi wa masu biyan haraji nauyi, a mai da shi dala 800,000. Aka ƙirga hannu, mutum 20 suka yarda, 14 suka ƙi. Shi ke nan, fiye da rabin kuɗin makaranta ya tafi cikin zama ɗaya. Masu ƙuri'a a littafin garin 565 ne, waɗanda suka yanke hukuncin ba su kai 4 cikin 100 ba.

Da gari ya waye labari ya bazu, iyaye suka ga cewa in suna so 'ya'yansu su zauna a makarantun da su ke, sai su cika sauran kuɗin daga aljihunsu. Hankali ya tashi. To, a nan ne mas'alar ta ke: mutum 20 ɗin nan ba su saci kome ba, ba su karya doka ba. An kira taro bisa ƙa'ida, an manna takardar kira kwanaki kafin ranar, sun zo, sauran ba su zo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa masu zaman gida ne suka tsaga shi.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Dokar jihar ta ce in za a taɓa kuɗi a taro na musamman, sai ƙuri'un da aka jefa sun kai rabin sunayen da ke cikin littafi, watau mutum 283. Ka ga ke nan mai son ragin ya tabbata ba ya bukatar ya rinjayi kowa, ya ishe shi mutane su sake zama a gida. Sai iyaye da maƙwabta suka tashi suka bi gida gida suna roƙo. Ran 7 ga watan Mayu aka sake taro, mutum 377 suka ce a mai da kuɗin, 2 suka ƙi. Abin da fitar sa'a biyu za ta tsare a watan Maris, sai da aka yi kusan wata biyu ana wahala kafin a ƙwato shi.

Ba Kuroidon kaɗai ke da wannan ciwo ba. Wani malami mai suna Farank Birayan ya yi shekaru kusan 30 shi da almajiransa suna ƙirga mahalarta tarukan gari fiye da 1,400 a jihar Bamont da ke maƙwabtaka da su. Abin da ya samu, kimanin mutum 1 cikin 5 na masu ƙuri'a ne ke zuwa, kuma gwargwadon girman gari gwargwadon raguwar masu zuwa. A shekarar 1995 jihar Niyu Hamsha ta yi doka mai ba gari damar ya raba abin biyu: a yi zaman muhawara tun da wuri, sa'an nan ran zaɓe a jefa ƙuri'a a asirce a kan ko wace mas'ala. Masu jefawa sun kan fi yawa ta haka, gaskiya ne. Amma zaman muhawarar nan yana da ikon sauya adadin kuɗi kafin a buga takarda, kuma mutane kaɗan ke zuwa. An ɗauke ramin daga ƙofar gida an mai da shi bayan gida, ba a cike shi ba.

Fasali a kan dokar shiyyoyi

Yanzu bari mu zo ga rabin takardar da mutane suka fi gajiya da karantawa, alhali shi ya fi daɗewa. Wakilin gari in ya ɓata, bayan shekara 3 a sauke shi. Amma fili in aka yanka shi aka gina, ko aka hana ginawa, jikoki ne za su zauna da sakamakon.

Dokar shiyyoyi ita ce a ɗauki taswirar gari a raba ta, a ce nan gidajen kwana kaɗai, can kantuna, can masana'antu, can gonaki da daji. Sa'an nan a ƙayyade girman fili mafi ƙanƙanta da za a gina gida a kansa, da tsawon gini, da tazarar da za a bari tsakaninsa da hanya da iyakar maƙwabci, da yawan iyalin da za su zauna cikin gini ɗaya. Abin da ya riga ya kasance kafin doka ba a rushe shi, doka tana kama abin da zai zo ne.

Hanyar sauya ta a garuruwan nan ga ta. Hukumar tsara gari tana iya kawo gyara, wakilan gari suna iyawa, haka nan mutum 25 masu ƙuri'a in sun sa hannu a takarda suka miƙa ta tsakanin kwana 120 da kwana 90 kafin ranar taro. Sa'an nan hukumar ta kira zaman sauraron jama'a, a sanar kwana 10 kafin zaman. A wurin nan ne mai magana zai yi magana. In ranar zaɓe ta zo, babu muhawara a kan wannan, babu gyaran kalma, sai i ko a'a. Abin da a ke bugawa a takardar ƙuri'a kuwa taƙaitawa ce, layi biyu ko uku, cikakken nassi yana ofishin magatakarda ga mai son dubawa. In gyaran daga mutum 25 ya fito, a kan rubuta a ƙarƙashinsa ko hukumar ta goyi baya ko ba ta goya ba. Kuma a wasu irin sauye-sauye, masu kashi 20 cikin 100 na filin da abin ya shafa, ko na filayen da ke jikinsa, suna iya shigar da takardar ƙin yarda kwana 7 kafin zaɓe, sai gyaran ya zama ba ya wucewa sai da kashi 2 cikin 3 na ƙuri'u.

Ku duba yadda abin ya ke. Zaman sauraron nan a tsakiyar sanyi a ke yinsa, da dare, cikin watan Disamba ko Janairu. Wanda bai je ba sai ya tarar da layi uku ran zaɓe, yana tsaye, wasu suna jira bayansa. Ya ga an rubuta a mai da fili mafi ƙanƙanta daga eka 1 zuwa eka 2, ya ce ai sarari abu ne mai kyau, ya sa i. Bai yi lissafi ba. Gona mai eka 20 da za ta ɗauki gida 20, ban da abin da hanya za ta ci, yanzu 10 za ta ɗauka. Duk mai son gini sai ya sayi ninki biyu na ƙasa. Ɗansa na cikinsa da ke shirin aure, shi ne na farko da wannan i za ta kora daga garin.

Fasali a kan amfanin dokar da cutarwarta

Ba na cewa dokar shiyyoyi mugun abu ce. Asalinta kawar da cuta ne, kuma kowa ya san bai dace a kafa majema ko maƙera mai hayaƙi a jikin ɗakin kwanan mutane ba. Birnin Niyu Yok ya kafa cikakkiyar irinta a shekarar 1916. A shekarar 1922 wani ƙauye mai suna Yukilid, kusa da birnin Kilibilan a jihar Ohayo, ya yi tasa. Wani kamfani mai fili eka 68 ya kai ƙara, ya ce filinsa in na masana'anta ne eka tana kai dala 10,000, in an tsare shi ga gidajen kwana sai ta koma 2,500. A shekarar 1926 Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai 6 a kan 3, ta ba ƙauyen gaskiya, ta ce jama'a suna da ikon tsara ƙasarsu don lafiya da amincin kowa ko da wani ya yi hasara. Kuma a ƙauyukan da babu famfo, inda ko wane gida ke da rijiyarsa da salgarsa, lalle ana bukatar tazara don kada ɗaya ta ɓata ɗaya. Wannan hujja ce ingantacciya.

Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. A shekarar 1914 birnin Luwisbil a jihar Kentaki ya yi doka mai hana baƙar fata shiga gida a layin da farare suka fi yawa, har sai da Kotun Ƙoli ta rushe ta a shekarar 1917. Bayan an toshe wannan ƙofa, aka gane akwai wata wadda ba ta ambaton launin kowa. Ka ce fili sai mai faɗi, gini sai na iyali ɗaya, ka ga talaka ya fita da kansa ba wanda ya kore shi da baki.

A Niyu Hamsha akwai dalili na musamman da ke tura mutane ga wannan. Jihar ba ta karɓar haraji a kan albashi, ba ta da harajin ciniki na bai ɗaya, nauyin makaranta da hanyoyi mafi yawa a kan harajin gida da fili ya ke. Sai mai gida ya yi lissafi a ransa, ƙananan gidaje su kan kawo iyali masu yara, yara su kan ƙara kuɗin makaranta, kuɗin makaranta ya kan hau kaina. Tsohuwar da ke zaune kan ɗan abin da ta tara, in ta ji tsoron haka ban zarge ta ba. Amma in ko wane gari ya yi wannan lissafi, ina malamin makarantar zai kwana, da mai jinyar tsohuwar nan, da mai share mata ƙanƙara?

Wannan tambaya ta kai gaban alƙalai. Garin Cesta, gabas da birnin Mancesta na jihar, ya kafa doka cewa gidan iyali ɗaya sai da eka 2, na iyali biyu sai da eka 3, ginin iyalai da yawa kuwa sai a fili mai eka 20 ko fiye cikin shiyyoyi biyu kaɗai. Da aka auna, ƙasar da za a iya yin irin wannan gini a kanta ba ta kai kashi 2 cikin 100 na garin ba. Wasu masu ƙaramin ƙarfi da suka nemi wurin zama suka rasa, tare da wani magini da aka yi shekaru ana hana shi, suka kai ƙara. A shekarar 1991 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa maslahar jama'a da aka ba gari ikon tsarewa ba ta tsaya a iyakar garin ba, ta haɗa da mutanen yankin da ya ke ciki, kuma gari ba shi da ikon ya tura nauyin masu ƙaramin ƙarfi kan maƙwabtansa. A shekarar 2008 majalisar jihar ta mai da wannan hukunci doka rubutacciya, ta wajabta wa garuruwa su bar dama ta gaskiya ga gidajen ma'aikata. Daga shekarar 2017 kuma ta wajabta musu su yarje wa mai gida ya ƙara wani ɗan sashe a jikin gidansa, inda tsohonsa ko ɗansa ko ɗan haya zai zauna.

Ku lura, mutanen Cesta da ƙuri'a suka kafa dokarsu, rinjaye kuwa na gaske. Ashe rinjaye yana nuna abin da masu yawa ke so, amma ba shi ne ma'aunin adalci ba. Waɗanda dokar ta fi cutarwa ba su cikin ɗakin ran da aka yanke, domin ba su da gida a garin, dalilin rashin gidan kuwa ita ce dokar da a ke ƙuri'a a kanta.

Fasali a kan abin da mai musu zai ce

In wani ya ce, to tun da mutane ba su zuwa, in sun zo kuma son kai ya kan rinjaye su, me zai hana a karɓe abin daga hannunsu a ba gwanaye masu ilmin tsara gari? Sai in ce masa, gwani yana da wurinsa, a tambaye shi zurfin ruwa da ƙarfin ƙasa da faɗin hanya. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kuma hukuncin da aka yanke a ofis ƙofa a rufe, in ya karkace wa za ka kama? Na Kuroidon a fili aka yi shi, an san adadin hannun da aka ɗaga, shi ya sa aka iya warware shi cikin wata biyu.

In kuma wani ya ce, garinmu namu ne, babu ruwan alƙali ko majalisar jiha da yadda muka raba ƙasarmu, sai in ce masa, ikon nan da ka ke taƙama da shi jiha ce ta ba gari, bisa sharaɗin a tsare maslahar jama'a da shi. Abin da aka ba ka bisa sharaɗi amana ne, in ka mai da shi garkuwar dukiyarka kaɗai, wanda ya ba ka yana da ikon ya tambaye ka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Fasali na ƙarshe, nasiha

Ya ku 'yan'uwa, ban kawo muku labarin nan don ku yi mamakin mutanen wata ƙasa ba, ban kuma ce al'adarsu ta dace da ko wane wuri ba. Na kawo shi ne don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Duk inda aka ba mutane baki a kan abin da ya haɗa su, ko zaɓe ne, ko taron unguwa, ko zaman 'yan kasuwa a kan rumfuna, ciwon nan biyu suna nan suna jira.

Sabo da haka in an kira, ka je, ko da kana zaton babu abin da zai faru, don ranar da kowa ya yi wannan zato ita ce ranar da abu ke faruwa. Ka je zaman farko inda a ke tsara magana, kada ka jira na ƙarshe inda ba a tambayarka sai i ko a'a. Kada ka yarda da taƙaitawa a kan sha'anin ƙasa, ka nemi cikakken nassi, in ba ka iya karanta shi ba ka sa a karanta maka, ka tambaya wane fili ne, na wa ne, wa zai samu, wa zai rasa. Kada ka raina ƙaramin muƙami, in kuwa ka ga gurbi babu kowa kuma ka san za ka iya, ka tsaya, don mai ƙin ɗaukar kaya ba shi da bakin zagin wanda ya ɗauka.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi. Sa'ad da ka ɗaga hannu, ka tuna da wanda ba shi cikin ɗakin: yaron da bai kai shekarun ƙuri'a ba, da ma'aikacin da ke yi muku hidima da rana ya tafi wani gari ya kwana, da baƙon da zai zo neman wurin zama kamar yadda kakanka ya taɓa zuwa aka ba shi. Su ba su da hannun ɗagawa a wurin, sai naka. Ni a ganina wanda ya fito cikin sanyi ya jefa ƙuri'a ya sauke rabin hakki, sauran rabin yana ga wanda ya tuna da su kafin ya jefa.

Allah ya sa mu dace, ya tsare mu daga cin hakkin wanda ba ya nan.